Wayarin ɗin Kwantirolar Iyakwandishan: Abin da Za a Gama Kafin Filasta

Tambayar ta fito daga wani Alhaji da ke gina ƙaramin asibiti, bene mai hawa ɗaya, a Birnin Kebbi. Ga ta a taƙaice: "Injiniyan sanyi ya ce za a sa kwantirola 12, wato na'urorin da ke sarrafa sanyin ɗaki, na ɗakunan kwanciya, da wata babba ta injin iskan ɗakin tiyata, duk masu cin bolt 24. Mai wayarin ɗina ya ce a sayi babban taransifoma guda mai VA 500 (VA ma'aunin ƙarfin wuta ne, bolt sau amfiya) a kafa kusa da akwatin birekoki, a ja siririyar waya mai lambar kauri 0.75 cikin fayif ɗin wutar da aka riga aka binne, wai ai wutar kaɗan ce. Masu filasta suna jira. In bar shi ya yi haka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a gama ginin lafiya, ya sa ya amfani jama'a.

Kada ka bar shi. Ka kuma roƙi masu filasta su ɗaga maka ƙafa mako guda, ko da sai ka biya su kuɗin zama. Tun ran gini tun ran zane. Fayif ɗin da za a binne yau da kuɗi kaɗan, in an riga an shafe bango, an manna tayil, an rufe silin, sai an fasa kafin ya shiga, kuma a asibiti ba a zuwa da guduma ana fasa bango marar lafiya na kwance.

Ba cewa nake yi mai wayarin ɗinka bai iya aiki ba. Ya saba da wayarin ɗin gida ne, inda komai bolt 230 yake ci, a can kuwa in waya ta cinye bolt 5 a hanya ba wanda zai sani, fanka za ta juya, firji zai yi sanyi. A layin bolt 24, wannan bolt 5 ɗin ya haura kashi ɗaya cikin biyar na wutar baki ɗaya. Nan ne tunanin "ai wutar kaɗan ce" yake yaudarar mutum. Ƙarancin bolt ɗin shi ne ma dalilin da ya sa layin ba ya jure asara.

Bari mu yi lissafin tare, don ka riƙe takarda a hannu lokacin da za ku zauna. Ainihin lambobin suna rubuce a takardar kowace na'ura, amma a ce kowane ɗaki kwantirolarsa tana cin VA 10, ƙaramar motar da ke murɗa bawul, wato famfon da ke buɗe wa sanyi hanya ko ya rufe, kuma tana cin 5. Ɗaki guda VA 15 ke nan, ɗaki 12 ya zama 180. A raba 180 da 24, an samu amfiya 7.5. Wannan ya kusa abin da iyakwandishan mai ƙarfin doki biyu yake ja daga soket, shi ne ake so a tura ta cikin waya 0.75. Ita wannan wayar, in jan ƙarfe ce ta gaskiya, tana da turjiyar kusan om 25 a kowace kilomita. In ɗakin ƙarshe yana da nisan mita 40 daga taransifoma, wuta za ta je ta dawo, mita 80 ke nan, om 2. Tunda ɗakunan a jere suke, kowa yana yagar rabonsa a hanya, abin da zai zube kafin a kai ƙarshe ya kai kusan bolt 8. Na ƙarshe zai samu 16. Akasarin waɗannan na'urori ba sa zama lafiya in wuta ta yi ƙasa da bolt 20 ko kusa da haka. Abin da za ka gani shi ne ɗakunan kusa suna aiki lafiya lau, na can ƙurya kuma allonsu yana mutuwa yana farfaɗowa duk lokacin da bawul biyu ko uku suka motsa tare. Sai a ce kayan jabu ne, a sayo sabbi, su ma su yi haka.

Wannan fa a ranar da wuta ta cika ne. Taransifoma ba ya ƙirƙirar bolt 24, rabawa yake yi. An naɗa shi don ya mai da 230 ya koma 24, to in abin da ya shigo 180 ne, abin da zai fita bai kai 19 ba tun kafin ya taka waya. Kai ma ka san yadda wuta take yi a unguwa cikin Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kowa ya kunna duk abin da yake da shi, taransifomar layi tana nishi. Wato daidai lokacin da marasa lafiya suka fi buƙatar sanyi, lokacin ne kwantirola za ta fi jin yunwa.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a shawarar tasa ba faɗuwar wuta ba ne, girman taransifoman ne. VA 500 a bolt 24 ya kai kusan amfiya 21, kuma fis ɗin da za a sa masa daidai wannan ƙarfin za a zaɓa. To, a ce ɓera ya gwigwiyi waya a ƙarshen layi, biyu suka haɗu. Turjiyar wayar om 2 ce, don haka abin da zai gudana amfiya 12 ne. Fis mai jiran 21 ba zai ko motsa ba. Waya za ta yi ta ɗaukar zafi a cikin silin, a hankali, ba ƙara, ba walƙiya, har robarta ta narke. Saboda irin wannan ne dokar wayarin ta Amurka ta ƙayyade wa irin wannan layi VA 100, wato amfiya 4 da 'yan kai, shi ya sa ma za ka ga taransifomomin da ake yi don kwantirola da yawansu a nan suke tsayawa. Mu a Najeriya tsarin Ingila muka gada, BS 7671, ga kuma ƙa'idojin da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta fitar a 2015, amma hikimar ɗaya ce: fis ana zaɓarsa ne don ya kare waya mafi siranta a layin, ba don ya dace da taransifoma ba.

Abin da zan yi in aikina ne: in raba ɗakunan gida uku, huɗu-huɗu. Kowane rukuni da nasa taransifoma mai VA 100, a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe a tsakiyar ɗakunan da yake ciyarwa, a baranda inda mai gyara zai kai hannu ba tare da ya shiga ɗakin mata ba. Nauyin kowanne VA 60 ne, amfiya 2.5, saura sarari. Da waya 1.5, mai turjiyar kusan om 12 a kilomita, kuma nisan bai wuce mita 15 ba, asarar ba ta kai bolt ɗaya ba. Bolt 230 shi zai yi doguwar tafiya, 24 ya yi gajeruwa. Ban cika son a ɗora wa taransifoma fiye da kashi 80 cikin ɗari ba, a garinmu ma na fi son ƙasa da haka, don zafin da ke cikin akwati ya riga ya cinye wani ɓangare na juriyarsa. A sa fis a ɓangaren shiga, a sa a ɓangaren fita. Ɗakin tiyata kuwa shi kaɗai da nasa, ba ya tarayya da kowa. Kuma in akwai manyan kwantakta masu tayar da fanka ko kwamfireso, kada a jingina su a taransifoman kwantirola, domin a ɗan lokacin da suke kamawa sukan ja ninkin abin da suke ci a zaune sau da yawa. Su finciki wuta, kwantirola ta suma ta sake su, ta farfaɗo ta sake kama su, sai ka ji akwati yana kaf-kaf-kaf kamar keken ɗinki. A sa ƙaramin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, a tsakani.

Wayar kanta a duba ta. Kasuwa cike take da alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe, turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, kuma yana karyewa a ƙarƙashin sukuru. A kankare da wuƙa a gaban mai shago. In fari ya leƙo, a mayar masa da abinsa.

Akwai wani tarko da ko tsofaffin hannu suna faɗawa, ni ma na faɗa. Mun saba cewa wutar da ke kai-komo, irin ta gida, ba ta da kai ba ta da gindi, duk inda ka juya wayoyin ƙwai zai kama. A kwantirola ba haka ba ne. Da yawansu ƙafa ɗaya daga cikin biyun da ke karɓar bolt 24 a haɗe take a ciki da ƙasan allon lantarkin na'urar, wato da layin da sensa da wayar sadarwa suke komawa. In huɗu suna shan taransifoma ɗaya, aka juya wayoyin guda ɗaya kawai, to an haɗa ƙafar wuta da ƙafar ƙasa ta cikin siraran hanyoyin allo. Shekarun baya a wani otal a Gusau, ni da hannuna na juya guda, da magariba, ina sauri in gama in kama hanya. Da muka ba da wuta sai ƙauri. Kwantirola uku suka tafi, kuma daga aljihuna aka biya. Tun daga ranar ba na yarda a ja wayoyin bolt 24 masu launi ɗaya, kuma ba na yarda da ja da baƙi, don su ne kowa ya sani a matsayin wutar gida, wata rana wani zai zo ya ɗauka 230 ne ya jona musu soket. A zaɓi wasu launuka biyu dabam, a rubuta a ƙofar akwati, a bi su daga farko har ƙarshe.

Ɗan'uwan wannan tarko shi ne haɗa kayan kamfani biyu a taransifoma ɗaya. Wasu na'urorin suna tace wutar da dayod guda, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, wasu da huɗu. Mai dayod guda yana so a kai ƙafa ɗaya ta taransifoma ƙasa. Mai huɗu kuwa, in ya zauna a wannan layin kuma ƙasan allonsa ya haɗu da na maƙwabcinsa, dayod ɗinsa ɗaya zai zama gajeriyar hanya ya ƙone. Ba a gane wannan da ido, sai a takarda. In an rasa tabbaci, a ba baƙon nasa ƙaramin taransifoma, ya fi allo araha nesa ba kusa ba.

Sai maganar fayif. Dalili biyu ne suka hana haɗa su da wayar wuta. Na farko rai: in roba ta goge a lanƙwasa, 230 zai hau siririyar waya ya fito a akwatin bango da nas take taɓawa da jiƙaƙƙen hannu. Na biyu hayaniya. Sensa tana magana ne da murya ƙasa-ƙasa. Wadda ke aiko da bolt 0 zuwa 10, rabin bolt na hayaniya ya isa ya sa bawul ya yi ta buɗewa yana rufewa ba gaira ba dalili. Wayar wuta da ta kwanta jikinta tsawon mita 30 tana zuba mata wannan hayaniyar ko ba su taɓa juna ba. A ware musu nasu fayif, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi, wato santimita 30, in suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Inda dole su gamu, su gitta juna a miƙe su wuce. Wayar da ta fito daga na'urar rage gudun mota, irin wadda za a sa wa fankar ɗakin tiyata, ita ce uwar masu hayaniya, a nisance ta fiye da kowa. In sensa tana da nisa sosai, a nemi mai aiko da miliamfiya 4 zuwa 20, ta fi jure doguwar hanya, kuma in waya ta tsinke kwantirola za ta ga sifiri ta san ba lafiya.

Wayar sadarwa ita ma da nata ladabi. Akasarin kwantirolar ɗaki suna hira da babbarsu ta layin RS-485, ko da yaren BACnet ko da Modbus. Wannan layi kamar sahun salla yake: daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, har ƙarshe. Ba a yi masa rassa, ba a tara wayoyi a akwati ɗaya a raba su kamar yatsu, wanda kuwa shi ne abin da hannun mai wayarin ɗin gida ya saba da shi. Wannan shi ya sa tilas a zana hanyar fayif kafin filasta, domin fayif zai shiga kowane ɗaki ya fita zuwa na gaba. Waya ta zama murɗaɗɗiya biyu mai rigar ƙarfe, ba wayar ƙararrawa ba. A sa rizisto, wato ɗan abin da ke turje wa wuta, mai om 120 a kai da wutsiya, wurare biyu kacal. Rigar ƙarfen a jona ta daga ɗaki zuwa ɗaki kada ta yanke, amma a kai ta ƙasa a waje guda. In aka kai ta ƙasa a kai da wutsiya, wuta za ta riƙa bin ta tsakanin wuraren biyu, mai gadi ya koma ɓarawo. Layin yana iya kai mita 1,200, don haka nisa ba damuwarka ba ce. In kuma gaba ka gina ɗakin gwaje-gwaje a wani gini dabam a harabar, kada a binne wannan wayar tsakanin gini biyu. A ja faiba, wato wayar sadarwa ta gilashi, tsawa ba ta bin gilashi.

In injiniyan ya koma kan tsarin da babban inji ɗaya a waje yake ciyar da ɗakuna da yawa da gas, irin na Daikin ko Mitsubishi, su ma suna da wayar hira mai ƙwaya biyu tsakanin na ciki da na waje, kuma takardar kamfanin ita ce alƙali a kanta. Sukurorinta suna zaune dab da na wuta. Kuskure ɗaya, allo ya tafi.

Yanzu daga ina wutar za ta fito? Asibiti a Birnin Kebbi ba ya rasa uku: wutar Nefa, janareta, da inbata mai sola. Kwantirola su samu nasu bireka su kaɗai, ba tare da soket ko fitila ba, kuma ya fito daga layin da ba ya ɗaukewa. Ƙaramin UPS ya ishe su, tunda duk abin da suke ci kaɗan ne. Sharaɗi ɗaya: ya zama mai fitar da wuta sumul irin ta Nefa. Inbata mai araha da ke fitar da wuta mai kusurwa tana sa taransifoma kuka da zafi. A gabansa a sa rile mai gadin bolt, wanda zai yanke in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama. Na saman ya fi kisa. Duk ranar da nutural ya tsinke a layi mai fes uku, abin da ke cin 230 yana iya ganin kusan 400, kuma wannan kan faru a canji-oba da aka ɗaure sakaka. In dukan kayan sun yarda da bolt 24 marar kai-komo, irin ta batir, akwai ƙananan na'urorin ba da wuta da ke karɓar daga 100 zuwa 240 su fitar da 24 cif, sun fi dacewa da halinmu. Sai dai a karanta takarda tukuna, don wasu kwantirola suna kunna bawul da tirayak, wani ɗan makunnin lantarki da ke cikin allo, shi kuwa ba ya saki sai da wuta mai kai-komo.

Tunda kwantirola za ta zauna a raye alhali manyan injuna sun mutu, dole a gaya mata halin da ake ciki. A ja waya biyu daga rilen da ke duba fes uku zuwa babbar kwantirola, ta san wuta ta tafi, ta san ta dawo, ta kuma san ko fes ya juye bayan an taɓa janareta, don kwamfireso mai fes uku in ya juya da baya ba ya daɗewa. In wuta ta dawo kada kowa ya tashi lokaci guda. Kwamfireso yana buƙatar hutun minti 3 zuwa 5 kafin ya sake tashi, don matsin gas ya daidaita. A tayar da ɗakin tiyata, a jira, a tayar da ɗakin jarirai, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya. Janaretan da ke durƙushewa duk lokacin da aka juya masa kaya, sau da yawa ba ƙarami ba ne, taron dangi aka yi masa. Wannan waya biyun tana iya hana ka sayen babban janareta. Kuma a manna gargaɗi a ƙofar duk akwatin da wuta biyu ke shiga, domin mai gyara zai kashe bireka ɗaya ya ɗauka ya gama.

Ɓangaren ɗumamawa a wajenmu kaɗan ne, amma yana nan. Injin ɗakin tiyata yakan sanyaya iska sosai da damina don ya matse mata laima, sannan ya ɗan ɗumama ta da hita kafin ta shiga, ɗakin jarirai ma yana so da asubahin hunturu. Hita ba ta kama wuta sai iska na tafiya. A jera makunnin da ke jin motsin iska da wanda ke yankewa in zafi ya wuce kima a kan wayar kwantakta kai tsaye. Haka ma umarnin kashe fanka daga ƙararrawar gobara. Kada wani ya ce maka "mun sa a furogiram". Furogiram yana daskarewa, ni dai abin da ya shafi gobara ina so in gan shi da idona a jikin waya.

Atin, wato haɗa wayarin da ƙasa ta sandar da ake bugawa. Nan ne ake yawan cika baki. A buga sanda ɗaya cikin Agusta ƙasa na jiƙe, a ce an gama. Ƙasarmu yashi ce da marmara, in ka bar bakin fadama, kuma zuwa Maris ta bushe har can ciki, sandar tana tsaye ne kawai kamar turke. A auna da mitar atin da rani, in bai yi ba a ƙara sanduna, a nisanta su da juna aƙalla tsawon sanda guda, a haɗe su. Gishiri da gawayi da ake zubawa suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin sandar, damina biyu kuma ta wanke shi. Abin da ya fi lambar muhimmanci wajen kwantirola shi ne atin ɗin ya zama ɗaya: na gini, na janareta, na sola, na sandar tsawa, duk su haɗu a sandar tagulla guda. In kowa da nasa, ranar da aradu ta faɗi kusa, ƙasan wannan zai ɗaga sama da na wancan, bambancin kuma zai nemi hanya, hanyar da ya fi samu ita ce siririyar wayar sadarwa. Hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni, shi ya fi kawo mana allunan da suka ƙone. A sa na'urar shanye tsawa a babban akwati, a sa ƙarama a akwatin kwantirola, wayoyinsu gajeru.

Inda za a rataye akwatunan: ba cikin silin na saman bene ba, ƙarƙashin kwano. Da yawan kwantirola iyakarsu digiri 50, cikin rufi kuwa da azahar ɗin bazara yana wuce haka. Ba bangon yamma ba, ba jikin ɗakin janareta ba, ba ƙarƙashin bututun ruwan iyakwandishan ba. Akwati mai lambar IP54 ko sama da haka, saboda ƙurar hunturu, wayoyi su shiga ta ƙasa, a toshe duk ramin da ya rage. Tsaka tana son ɗumin taransifoma, zanzaro yana son ramin sukuru, na sha buɗe akwati in tarar da tsaka ta bushe a kan fis. Zafin nan ya shafi manyan wayoyin injuna ma. Teburin da ake duba kaurin waya an yi shi ne a kan digiri 30. Waya mai robar PVC a digiri 40 tana ɗaukar kashi 87 cikin ɗari na abin da aka rubuta, a 50 kuwa kashi 71. Wanda ya kwafo tebur bai rage ba ya yi wa Landan wayarin, ba Kebbi ba.

Sensar ɗaki a bangon ciki, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, inda rana ba ta dukanta kuma iskan inji ba ya busa ta kai tsaye. Ga ƙaramin abu da kusan kowa ke mantawa: a toshe bakin fayif ɗin da ke bayanta. In an bar shi, iskan silin mai zafi yana gangarowa ta ciki ya hura mata a ƙeya, ta ce ɗaki digiri 30 ne, inji ya yi ta aiki, marar lafiya yana rawar ɗari cikin bargo.

Kayan da za a sayo a karanta farantin jikinsu. Wutarmu 230 ce mai kai-komo 50 a daƙiƙa. Na Amurka 120 ne da 60, in ka jona shi hayaƙi ne nan take. Wanda ya fi ruɗi shi ne na Saudiyya, don bolt ɗin yana iya dacewa amma su 60 suke amfani da shi. Taransifoman da aka naɗa don 60 kaɗai, a kan 50 yana aiki, yana kuma zafi fiye da kima har ya gaji. A nemi mai rubutun 50/60.

Makon nan da na ce ka karɓa, ga abin da za a yi da shi. Injiniyan sanyi da mai wayarin su zauna a tebur ɗaya, a gabanka in da hali, su rubuta kowace waya: daga ina, zuwa ina, wace iri, me take ɗauka. Daga wannan takardar ake fitar da yawan taransifoma da hanyar fayif, ba a tsaye a bakin gini ana nuni da yatsa ba. A binne fayif ɗaya ko biyu na banza tsakanin hawa da hawa, da igiyar ja a ciki, za ka gode mini ranar da aka ƙara ɗaki. A ɗauki hoton kowane bango da waya kafin filasta ta rufe shi. A sa lamba a kai da wutsiyar kowace waya, lambar da aka buga, ba biro a kan salatif ba. Wanda zai sa hannu a zanen ya zama injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar rajistar injiniyoyi, kuma ginin irin naka hukumar NEMSA ce ke da hurumin duba wayarin ɗinsa kafin a jona shi da layi, gara a kira su da wuri.

Gwajin mega, wanda ke tura bolt 500 cikin waya don a ga lafiyar roba, a yi shi tun ba a ɗaura ko kwantirola ɗaya ba. In an ɗaura, mega ta zama makami.

Ranar ba da wuta kuma kada a ɗaura duka a danna bireka ana addu'a. A fara da taransifoma shi kaɗai a auna, sannan a ƙara kwantirola ɗaya-ɗaya, ana duba launin waya a kowace. In an gama, a zaɓi la'asar mai zafi, a umarci dukan bawul su motsa tare, a sa mita a kan sukurorin kwantirolar da ta fi nisa a kowane rukuni, a karanta a kan Nefa, a juya janareta a sake karantawa. In ta nuna ƙasa da bolt 22, Alhaji, ka riƙe cikon kuɗin aikin sai an gyara.